Yadda Layi Ya Zama Haja a Wuraren Shaƙatawa

Mutanen Denmak suna ba da labari cewa a shekarar 1583 wata mata mai suna Kirsten Piil ta gano wani marmaro a cikin daji, arewa da birnin Kopenhagen. Aka ce ruwan yana warkar da cuta. Jama'a suka yi ta tururuwa, masu talla da masu wasa suka biyo jama'a, a hankali wurin ya zama dandalin shaƙatawar da ake kira Bakken. Zancen matar da marmaronta kunne ya girmi kaka ne, amma dandalin yana nan har gobe, kuma yana riƙe da tsohuwar al'adar irin waɗannan wurare: shiga kyauta ce, lilo ne ake biya wa kuɗi.

Abin da yake rubuce da kwanan wata ya zo daga baya. An buɗe lambun Tivoli a Kopenhagen a 1843. A Amurka kuwa, bakin tekun Coney Island da ke New York ne ya zama cibiya: George Tilyou ya buɗe Steeplechase Park a 1897, Luna Park ya biyo baya a 1903, sai Dreamland a 1904. A yawancin wuraren wancan zamani kowane lilo da ɗan akurkin mai sayar da tikitinsa. Ka biya ka hau, ka sauka. In kana son ƙari sai ka sake zura hannu a aljihu. Ana yin layi, amma aljihu ne ke rage masa tsawo, domin ba wanda ke hawa abu ɗaya sau biyar alhali kowane hawa da kuɗinsa.

1955: takardun A zuwa E

Walt Disney da bakinsa ya sha faɗin inda tunanin Disneyland ya zo masa. Ya ce yakan kai 'ya'yansa mata biyu lilon dawaki a Griffith Park da ke Los Angeles, ya zauna a benci yana cin gyaɗa, yana tunanin me zai hana a gina wurin da iyaye da yara za su ji daɗi tare. Wannan faɗarsa ce, kamfaninsa kuma ya riƙe ta a matsayin tushen tarihinsa.

An buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, kuma ranar ba ta yi daɗi ba. Baƙin gayyata aka shirya wa bikin, sai jabun tikiti suka yi yawa, mutane kusan 28,000 suka cika wurin. Rana ta buɗe, famfunan ruwan sha ba sa aiki saboda yajin aikin masu gyaran famfo, abinci ya ƙare, wasu lilon suka tsaya. Ana cewa kwaltar da aka malala ba ta gama bushewa ba, har tsinin takalman mata yana nutsewa a ciki. Ana kuma cewa wani mutum ya jingina tsani a bayan katanga yana karɓar dala biyar daga duk mai son ya haura. In labarin tsanin nan gaskiya ne, to a ranar farko aka fara sayar da tsallake layi a Disneyland, sai dai ba kamfanin ne ya sayar ba.

Kuɗin shiga dala ɗaya ne ga babba, sannan kowane lilo da nasa farashin. Kafin ƙarshen 1955 aka fito da ɗan littafin tikiti mai takardu hawa uku, A da B da C. A 1956 aka ƙara D. A watan Yuni na 1959, da aka buɗe lilon Matterhorn da jirgin ƙarƙashin ruwa da jirgin dogo mai tafiya a kan ƙarfe ɗaya, aka ƙara E don manyan abubuwa. Sunan tikitin E ya shiga bakin Amurkawa, har ya zama kirarin duk wani abu mai tashin tsigar jiki.

Dabarar littafin nan ta fi yadda take a ido. Takardun E kaɗan ne a ciki. Yaro ya gama da su, sai ya dubi sauran A da B, dole ya je ya hau tsohuwar motar bas ko keken doki a babban titi, ko ya shiga ƙaramin gidan sinima. Littafin yana rarraba jama'a a faɗin wurin ba tare da kowa ya daka musu tsawa ba. Mai kuɗi yana iya sayen ƙarin E, ya hau sau goma in ya ga dama. Amma kowane hawa sai ya koma ƙarshen layi kamar kowa. Kuɗi yana saya maka yawan hawa, ba ya saya maka gaban wani.

1961 zuwa 1999: kuɗi ɗaya, layi ɗaya

A jihar Texas aka ɗauki wata hanya. Angus Wynne ya buɗe Six Flags Over Texas a garin Arlington a 1961 da tsarin biya sau ɗaya a bakin ƙofa, ka hau duk abin da ranka yake so har dare. Iyaye suka so abin, don mutum ya san abin da zai kashe tun daga gida. Sauran wurare suka kwaikwaya. Magic Mountain, wanda aka buɗe a 1971 ba nisa da Los Angeles, da wannan tsarin ya zo ya yi gogayya da Disneyland. A shekarar ce kuma, ranar 1 ga Oktoba, aka buɗe Walt Disney World a jihar Fulorida, shekara biyar bayan rasuwar Walt. Disney ta riƙe littafinta na ɗan lokaci, amma a 1982, shekarar da ta buɗe dandalin EPCOT, ta haƙura ta jingine takardun A zuwa E gaba ɗaya.

Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Tunda hawa ya zama kyauta bayan an shiga, kowa ya nufi manyan lilo, ƙananan suka zama kufai. Wurin da aljihu yake tsayawa a da, yanzu ƙafa ce ta tsaya. Farashin babban lilo irin Space Mountain ya koma awa ɗaya ko biyu na tsayuwa.

Masu gina wuraren sun yi iya ƙoƙarinsu su sa jiran ya yi sauƙi. Suka lanƙwasa layi yana kai da komowa tsakanin igiyoyi, don mai zuwa kada ya hango tsawonsa ya karaya. Suka shigar da shi cikin gini mai inuwa, suka ƙawata shi da zane da sauti, har ya zama farkon labarin da za ka shiga. Wanda ya bi layin Indiana Jones da aka buɗe a Disneyland a 1995 ta cikin kangon wani gidan bauta na ƙirƙira yake ratsawa kafin ya ga motar. Suka kafa allo mai faɗin mintunan jira, kuma masu zuwa a kai a kai suna cewa allon yakan ɗan ƙara a kan gaskiya, don mutum ya fito yana jin ya ci riba.

Masana ma ba su zauna ba. Lissafin layi tsohon ilimi ne, tun aikin A. K. Erlang na kamfanin tarho na Kopenhagen a 1909. A 1985 David Maister ya yi rubutu kan halin ɗan Adam a cikin jira, inda ya nuna cewa jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya, haka ma jiran da aka ga rashin adalci a cikinsa. Richard Larson na jami'ar MIT ya ƙarfafa wannan a 1987: abin da ya fi tunzura mai jira shi ne ya ga wanda ya zo bayansa an sallame shi kafin shi. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya ga an buɗe wa wata mota ƙofar fita ta shigo, ba ya bukatar farfesa ya yi masa bayani.

Ba na son in yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Kuɗin ƙofa kansa ya riga ya tace talaka tun a waje, kuma manyan baƙi suna da 'yan rakiya da ƙofofinsu tun fil azal. Tsayuwar awa biyu a zafin Fulorida da yaro a kafaɗa azaba ce. Duk da haka akwai abu ɗaya da nake ganin darajarsa: in dai ka wuce ƙofa, dokar ɗaya ce. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Direban babbar mota da ya tara kuɗin tafiyar shekara biyu, da likitan da yake zuwa duk hutu, igiya ɗaya suke riƙewa.

1999: takardar alƙawari

Kamfani yana da nasa ciwon kai game da layi. Koke ya yi yawa, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda yake tsaye tsakanin igiyoyi ba ya sayen abinci, ba ya shiga kanti. Jami'an Disney biyu, Bruce Laval da Greg Hale, su ne sunayensu ke kan takardar mallakar fasahar da ta fito daga wannan damuwa. An gwada ta a dandalin Animal Kingdom na Disney World, wanda aka buɗe a 1998, sannan a watan Yuli na 1999 aka ƙaddamar da ita da sunan FastPass. Kafin shekarar ta ƙare ta isa Disneyland.

Ga yadda take a lokacin. A gefen ƙofar lilo akwai na'urori jere, a samansu allo yana cewa masu karɓar takarda yanzu za su dawo tsakanin ƙarfe 1:10 da 2:10. Ka zura tikitinka na shiga, na'urar ta dawo maka da shi, ta turo wata 'yar takarda mai ɗauke da wannan lokaci. Ka soke ta a aljihu ka tafi cin abinci ko hawa wani abin. Lokaci ya yi ka dawo, ka bi wata siririyar hanya a gefen babban layi, ka miƙa takardar, cikin 'yan mintuna kana zaune. Ba ka da ikon karɓar wata sai lokacin ta farko ya shiga ko awa biyu ta wuce. Kowa ya karɓa, allon yana matsawa gaba, har takardun ranar su ƙare.

Ko sisi ba a biya. Wannan ne ya sa jama'a suka karɓe ta hannu bibbiyu, domin wanda ya wuce ka da takarda shi ma ya jira, a wani wurin dai ya yi jiransa, kuma na'urar ba ta hana ka ba. Amma tun a lokacin aka fara samun rata. Masu zuwa kullum suka gane lagon abin. Su sa saurayin gidan ya kwashi tikitin kowa ya ruga tun ana buɗe ƙofa. Suka gano ma'aikata ba sa korar wanda ya makara, sai su tara takardu su kashe su da yamma, har sai da Disney World ta fara tsaurara lokaci a watan Maris na 2012. Baƙon da ya zo karon farko daga wata ƙasa kuwa, sau da yawa yakan wuce na'urar yana zaton ta masu kuɗi ce.

Babban abin da FastPass ta bari shi ne ginin kansa. Daga 1999 kowane babban lilo yana da hanya biyu da mahaɗa ɗaya, da ma'aikaci a mahaɗar yana yanke wa zai wuce. Ido ya saba da ganin wasu suna wucewa. Da aka zo sa wa hanyar farashi, ba a bukaci a aza ko bulo ɗaya ba.

2001 zuwa 2012: maƙwabta sun sa farashi

Wasu ne suka riga Disney. Ana ba da labarin wani injiniya a Ingila, Leonard Sim, cewa ya yi dogon jira da iyalinsa a wani dandali a Fulorida, da suka kusa kaiwa aka ce lilon ya lalace, daga nan ya sha alwashin nemo mafita. Ko yaya labarin yake, kamfaninsa Lo-Q ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna Q-bot da ake riƙewa a hannu, tana riƙe maka wuri a layi, ta yi ƙara in lokacinka ya yi. Six Flags Over Georgia ya fara bayar da hayarta a 2001. A 2006 Six Flags ta sa wa tsarin suna Flash Pass, kuma a hankali aka yi masa hawa-hawa: na ƙasa kana jiran daidai abin da masu layi ke jira amma ba a tsaye ba, na zinare yana yanke jiran, na sama da shi yana kusan shafe shi. Na ƙasan hutu yake sayarwa. Na saman gaban mutane yake sayarwa. Kamfanin Lo-Q ya koma suna accesso a 2013.

Universal a Orlando ta fara da na'urorin kyauta irin na Disney a 2001, ba da daɗewa ba ta fito da na kuɗi a gefensu, zuwa 2006 na kyautan ya tafi. Ta kuma ɗaure abin da ɗakin kwana: wanda ya sauka a manyan otal ɗinta, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, makullin ɗakinsa ne takardar wucewarsa. A Ingila, Alton Towers da Thorpe Park suka riƙa sayar da Fastrack. SeaWorld ta fito da Quick Queue. Cedar Fair ta gwada Fast Lane a Kings Island a 2011, ta baza shi a sauran wurarenta a 2012.

Dalilin yaɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Gina sabon babban lilo miliyoyin daloli yake ci da shekaru. Sayar da wuri a gaban layi kuwa igiya ɗaya ce da ma'aikaci ɗaya, kusan duk abin da ya shigo riba ne.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, don a nan gizo yake saƙa. Lilo yana da iyakar mutanen da yake ɗauka a awa, kuma tikitin sauri ba ya ƙara masa kujera ko ɗaya. A ɗauka, a matsayin misali, yana ɗaukar mutum 1,500 a awa. In layi ɗaya ne, mutum 600 da ke gabanka za su wuce cikin minti 24. In aka ce a kowace kujera biyar huɗu na masu hanyar sauri ne, layinka mutum 300 kawai yake sallama a awa, mutum 600 ɗin nan sun zama awa biyu. Gaskiya ne wasu daga cikinsu da ma sun koma ɗaya hanyar, don haka layin ba zai kai wancan tsawo ba. Amma tafiyarsa ta zama ta hawainiya, kuma masu hanyar sauri, da yake ba a tsaye suke ba, suna iya cika wani layin a lokaci guda. Kowane minti da mai biya ya tsira da shi, daga ranar wani aka yanko shi. Wanda aka yanka daga ranarsa ba a tambaye shi ba, ba a rage masa kuɗin ƙofa ba. Akwai kuma wata matsala da ke damuna fiye da wannan: ranar da layi ya gajarce, tikitin sauri ba shi da kasuwa. Mai wurin ya wayi gari yana cin riba daga ciwon da shi ne ya kamata ya yi maganinsa.

Michael Sandel, malamin falsafa a Harvard, ya buɗe littafinsa What Money Can't Buy na 2012 da babi kan tsallake layi, ya kawo wuraren shaƙatawa tare da filayen jirgin sama da asibitoci, yana nuna yadda ɗabi'ar kasuwa take ture ɗabi'ar layi. Masu kare tsarin suna da amsarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce wanda ya ƙetaro teku don kwana ɗaya ya cancanci hanyar da zai ga abin da ya zo gani, kuma kuɗin da masu hali suke biya yana taimakawa wajen riƙe farashin ƙofa. Hujjar farko tana da ƙarfi a wurina. Ta biyun kuwa, farashin ƙofa bai daina hawa ba a duk shekarun nan.

2013 zuwa 2020: Disney tana matsowa

A watan Mayu na 2013 jaridar New York Post ta buga wani rahoto da ya tayar da ƙura. Ta yi zargin cewa wasu attajiran iyaye daga Manhattan suna hayar masu naƙasa a matsayin 'yan rakiya, dala 130 a awa, don iyalin su bi ta ƙofar da aka tanada wa masu larura. A watan Oktoba na shekarar Disney ta soke katin da take bai wa masu larura, ta kawo sabon tsari wanda ake ba mutum lokacin dawowa daidai da tsawon layi. Wasu iyalai masu yara da larurar otizim suka kai ƙara kotu a 2014, suna cewa 'ya'yansu ba sa iya irin wannan jira. Masu kuɗi suka yi ɓarna, marasa lafiya suka biya.

A shekarar dai aka fara FastPass+ a Disney World, cikin wani gagarumin shiri da rahotanni suka ce ya ci kusan dala biliyan ɗaya, har da awarwaron roba mai suna MagicBand da ake taɓa na'ura da shi. Zuwa farkon 2014 an kwashe na'urorin takarda. Aka koma kama wuri ta intanet, lilo uku a rana, tun kafin a baro gida. Har a lokacin kyauta ne a suna. Sai dai wanda ya kama ɗaki a otal ɗin Disney yana zaɓa kwana 60 kafin zuwansa, saura kuma kwana 30. Manyan abubuwa irin Flight of Passage, da aka buɗe a 2017, sukan ƙare kafin masu kwana 30 su buɗe kwamfuta. Kuɗi ya shigo ta taga.

A ƙasar Sin kuwa ta ƙofa ya shigo. An buɗe Shanghai Disneyland a watan Yuni na 2016, nan da nan 'yan baranda suka mamaye takardun FastPass suna sayarwa baƙi. A 2017 wurin ya fito da nasa na kuɗi, Premier Access. A watan Yuli na wannan shekara Disneyland ta Kalifoniya ta kawo MaxPass, dala 10 a rana don ka karɓi FastPass ta wayarka maimakon ka taka zuwa na'ura. Ya koma dala 15, sannan 20. Na'urar kyauta tana nan a lokacin, amma an gwada ruwa an ga zurfinsa.

2020 zuwa 2024: ƙarshen kyauta

Annobar korona ta rufe wuraren Disney na Amurka a tsakiyar Maris na 2020. Disney World ta sake buɗewa a watan Yuli ba tare da FastPass+ ba, Disneyland kuma sai 30 ga Afrilu, 2021. Fiye da shekara guda aka yi a Fulorida da layi ɗaya tak, kuma da yawa daga waɗanda suka je sun yaba yadda yake tafiya ba tsayawa, ko da yake an taƙaita yawan masu shiga a farkon lokacin.

FastPass ba ta dawo ba. Disneyland ta Faris ta fara sayar da Premier Access a watan Agusta na 2021, yuro 8 zuwa 15 kowane hawa. A watan ne kamfanin, ƙarƙashin shugabancin Bob Chapek, ya sanar da Genie+. Ya fara aiki a Disney World ranar 19 ga Oktoba a kan dala 15 kowane mutum kowace rana, a Disneyland kuma ranar 8 ga Disamba a kan dala 20. Tsohuwar siririyar hanyar aka canja wa allo, ta koma Lightning Lane. Manyan lilo ɗaya ko biyu a kowane dandali ba sa cikin kuɗin, su sai an saye su daban. Zamanin tikitin E ya dawo ke nan, amma a kan kuɗin ƙofar da aka ce ya haɗa komai.

Tsarin ya zo da wahalarsa. A lokacin ƙarfe bakwai na safe ake fara kama wuri, uwa ko uba suna zaune a bakin gado da waya a hannu yara na barci, kuma yinin ranar ido yana kan manhaja. An yi ta ƙorafi, amma an saya. A watan Fabrairu na 2022 Chapek ya shaida wa masu hannun jari cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na baƙi suna biya, a lokacin hutun ƙarshen shekara kuma fiye da rabi. Idan rabin jama'a suna hanyar sauri, wanda ya saya ba gata ya saya ba, tsira ya saya daga layin da cinikin ya tsayar. A watan Oktoba na 2022 farashi ya fara hawa da sauka bisa cunkoso, ya kai dala 35 a watan Afrilu na 2023, ya kai 39 a hutun Kirsimeti na shekarar. An sauke Chapek a watan Nuwamba na 2022, tsohon shugaban kamfanin Bob Iger ya dawo, kuma a watan Maris na 2023 ya amsa a bainar jama'a cewa mai yiwuwa kamfanin ya wuce gona da iri a wasu farashinsa. An sassauta wasu abubuwa, wannan bai shiga ciki ba.

Masu larura suka sake shiga tsakiya. Da hanyar kyauta ta rufe, masu neman katin larura suka ƙaru, Disney ta ce sun ninka sau uku cikin shekara biyar. A watan Mayu da Yuni na 2024 ta taƙaita shi ga masu larurar da ta shafi girman ƙwaƙwalwa irin otizim, mutane da yawa masu wasu cututtuka na gaskiya suka rasa shi.

Ba ko'ina aka bi wannan hanya ba. Europa-Park a Jamus, na iyalin Mack, ya kawo layin manhaja na kyauta a 2020. Tokyo Disney, wanda kamfanin Oriental Land ke gudanarwa, ya fara sayar da Premier Access a watan Mayu na 2022 a kan yen 2,000, amma a 2023 ya dawo da wani na kyauta a gefensa don wasu lilon.

A Amurka kuwa gaba aka ci. Ranar 24 ga Yuli, 2024, Genie+ ya koma Lightning Lane Multi Pass, masu otal suna zaɓa kwana bakwai kafin zuwa, saura kwana uku. A ƙarshen Oktoba aka ɗora wani hawa a sama, Premier Pass, wanda ba ruwan mai shi da kama lokaci, ya iso kawai ya wuce, sau ɗaya a kowane lilo. A Disneyland an fara shi a kan dala 400. A Disney World an fara shi daga 129 zuwa 449, kuma da farko masu manyan otal kaɗai aka sayar wa. Tikitin shiga dandalin Magic Kingdom na Disney World a ranar cunkoso a shekarar dala 189 ne, wato kuɗin wucewa ya ninka kuɗin shiga fiye da sau biyu. A kan wannan farashi, iyali mai mutum biyar dala 2,245 za su biya a rana ɗaya, ban da ƙofa.

Mahaɗar nan da aka gina a 1999 tana nan inda take. Ma'aikaciya tana tsaye da hannu a kan igiya. Daga dama mutane suna tahowa da sauri, kowa ya taɓa awarwaronsa ko wayarsa a jikin na'ura, fitila ta yi kore, ya wuce. Daga hagu wani uba ya fi awa ɗaya yana sauya 'yarsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan, gorar ruwansu ta ƙare. Yarinyar tana ƙirga masu wucewa da yatsa, ta kai goma sha biyu ta rasa lissafi, ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Baba, su waɗancan ba sa jira ne?"

"Sun biya ne, 'yata."

"Mu ba mu biya ba?"

"Mun biya."

Ma'aikaciyar ta ɗaga igiya, ta ƙirga mutum huɗu daga hagu, ta mayar da ita.